Zaman Gwani a Bayan Doki

Tseren dawaki na mita 1,200 ba ya cin minti ɗaya da rabi. An tashi, an sha kwana, an iso, ƙura ta lafa. 'Yan kallo su kama kiran sunan doki, maroƙa su kama kirarin mai doki, a miƙa kofi ga wani attajiri ko basarake cikin babbar riga. Siririn yaron da ya sauko daga bayan dokin, gwiwoyinsa na karkarwa, da wuya a tambayi daga wace unguwa ya fito. Su kuwa masu dawaki sun san gaskiyar magana: in dawaki biyu suka yi kunnen doki a ƙarfi da jini, wanda ke kai shi ne ke raba gardama. Aikin nasa, in an tattara shi wuri ɗaya, shi ne ya zauna kan dabbar da ke gudun kilomita 60 a awa, ya kai ta inda yake so a lokacin da yake so, ba tare da ya zame mata kaya ba. Faɗar haka da sauƙi. Iya shi kuwa sai an shekara ana faɗuwa ana tashi.

Dokin tsauni

Wanda ke son ganin wannan gwaninta tsirararta, kafin a yi mata ado da sirdi da jalala, sai ya hau tudun Filato, ya wuce Bukuru, ya nufi Kuru a Ƙaramar Hukumar Jos ta Kudu. Yau an fi sanin garin da cibiyar NIPSS da aka kafa a 1979, inda manyan ma'aikata da hafsoshi ke zuwa kwas, da kuma mahaɗar jirgin ƙasa inda layin Bauchi da Gombe da Maiduguri ya rabu da na Jos. Amma tun kafin Turawan kuza su kafa bukkokinsu a farkon ƙarni na 20, ƙasar Birom ƙasar mahaya ce.

Dokinsu ƙuru ne, gajere, kafaɗarsa ba ta cika wuce mita ɗaya da 'yan kai ba, ga tauri ga juriya, kofatonsa ya saba da dutse. Tudun ya haura mita 1,200 daga doron teku, akwai sanyi, ƙudan tsando mai kawo sammore bai samu wurin zama sosai ba. Don haka doki ya rayu a nan ya hayayyafa, alhali a kwaruruwan da ke kewaye da tudun cuta ke kayar da shi. Wannan lafiyar wuri tana cikin abin da ya sa Turawa suka kai ɗakin binciken cututtukan dabbobi Vom a 1924, maƙwabciyar Kuru, inda har yau Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa take.

Abin da ya ba baƙi mamaki shi ne irin hawan. Babu sirdi, babu likkafa, babu ƙarfe a bakin doki. Ragama ce a hanci, sai cinya da gwiwa. Mutum ya ɗare bayan doki da tsalle ɗaya, mashi a hannu, ya bi nama a kan fako da gangare da tsakanin duwatsu. Wanda ya taɓa hawan doki ba sirdi ya san abin da ake nufi: duk motsin ƙashin bayan dabbar yana shiga jikinka, in ka yi tauri ka faɗi, in ka saki jiki fiye da kima ka zame. Dole ƙugunka ya bi tafiyar, ƙirjinka ya tsaya cak, idonka yana can gaba inda za a taka. Juya doki kuwa da nauyin jiki ake yi: ka karkata kaɗan, ka matse da gwiwa ɗaya, dabbar ta gane. Wasu Turawan farko da suka rubuta labarin mutanen tudun sun ce akan yi wa doki tsaga a gadon baya don mahayi ya samu wurin mannewa. Wannan ba abin koyi ba ne, amma yana nuna irin gudun da ake yi da kuma irin ƙasar da ake yin sa a kai.

Hawan nan ya yi musu rana. A ƙarni na 19, lokacin da mayaƙan Bauchi da na Zazzau ke kai hare-hare gefen tudun, manyan dawakinsu masu nauyin kaya sun sha wuya a kan duwatsu da cikin lungunan da aka shinge da ƙerana. Masu ƙananan dawaki, Birom da Irigwe da maƙwabtansu, su fito ta inda ba a zata ba, su yi jifa, su ɓace. Tsakiyar tudun bai shiga hannun Daular Usmaniyya ba har Turawa suka zo. Doki a wurinsu dukiya ne da daraja, har yakan shiga cikin kayan aure. Yau babur ya karɓe masa aiki, kuma an fi ganin mahayan a lokutan biki irin Nzem Berom.

Sirdin fada

A ƙasar Hausa wata hanya aka bi, domin buƙatar daban ce. Fili ne shimfiɗaɗɗe, yaƙi kuwa na gaba da gaba. Tarihin Kano ya nuna Sarki Kanajeji, wajen 1390 zuwa 1410, shi ya shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Barden da ya sha wannan kaya yana buƙatar mazaunin da zai riƙe shi gam, shi ya sa sirdinmu ya tashi gaba ya tashi baya, likkafa ta yi faɗi har ƙafa ta shige gaba ɗaya, linzami ya yi kaifi. Da shi ake yin abin da ke sa jama'a sowa a Hawan Daushe: a sako dawaki a guje, a zo daf da Sarki, a yi zamiya, a ɗaga hannu a yi jinjina. Tsayar da ingarma cikin taku biyu ko uku ba tare da an yaga masa baki ba, wannan ma gwaninta ce babba, kuma tana cikin abin da ya sa hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya a 2024.

Daga wannan duniya ta fada da barga muka gaji yawancin kalmomin doki. Namiji ƙosasshe ingarma ne, mace goɗiya, ɗa duƙushi. Baƙi wuluk akawal, fari kili, mai ruwan madara gunya, ga hurde da bidi da bikili da danda da aharas, kowane da masoyansa da abin da ake camfa shi da shi. Tafiya ma hawa-hawa ce: akwai taƙama ta ranar ado, akwai sassarfa, akwai sukuwa. Fita da doki da safe ko da la'asar don ya motsa jini kilisa ce. A fada Shamaki ke kula da barga, Madawaki kuwa a da shi ke gaban mayaƙan doki.

Sukuwa ta gasa ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Samari sun daɗe suna tsere bayan an sauko daga idi ko a bikin aure, kuma tun da can aka ce dokin mai baki ya fi gudu, wato a bar cika baki a zo fage. Abin da Turawa suka kawo shi ne fili zagayayye mai shinge, da awon nisa, da sikeli, da agogo. Kusan duk babban garin da suka zauna sai da suka yanki filin sukuwa. Na Legas a nan aka sauke tutar Ingila daren 1 ga Oktoba 1960, shi ne yau Dandalin Tafawa Balewa. Na Kaduna a nan aka yi wa Sarauniya Elizabeth hawan daba a 1956, shi ne yau Dandalin Murtala. Na Kano har yanzu sunansa na nan a kan unguwa da titi. Sarakuna suka rungumi abin hannu bibbiyu. Gidan Dikko na Katsina ya yi fice a ƙwallon dawaki, daga Sarki Muhammadu Dikko zuwa Usman Nagogo zuwa Janar Hassan Usman Katsina, wasan da har yau ake taruwa dominsa a filin folo na Jos duk ƙarshen shekara. A ƙasar Gobir kuwa, Narambaɗa ya yi wa dokin tseren ubangidansa, Sarkin Gobir na Isa, waƙar nan ta Dokin Iska Ɗanfilinge. Filinge gari ne a Jamhuriyar Nijar, kuma har gobe dawaki da mahaya na ƙetare wannan iyaka zuwa gasa, daga Maraɗi da Damagaram da Yamai zuwa Katsina da Kano da Bida.

Sai dai sirdin fada bai dace da fili mai agogo ba. Yana da nauyi, yana dasa mahayi a tsakiyar bayan doki, kuma duk taku sai dokin ya ɗaga mutum ya sauke shi.

Tsuguno

Turawan Ingila ma haka suka daɗe suna hawa, ƙafa a miƙe, baya a tsaye. Sauyin daga Amurka ya zo, kuma baƙar fata na da hannu dumu-dumu a ciki. A gasar Kentaki ta farko a 1875, mahaya 13 cikin 15 baƙaƙe ne, wanda ya ci ma, Oliver Lewis, baƙi ne. Cikin gasa 28 na farko, baƙaƙen mahaya sun ci 15, uku daga ciki na Isaac Murphy ne. A 1895 wani daga cikinsu, Willie Simms, ya je Ingila ya hau da gajeriyar likkafa, a tsugune bisa kafaɗar doki. Bayan shekara biyu Tod Sloan ya bi sahu. 'Yan Ingila suka yi ta dariya suna cewa tsugunon biri ne. Da suka ga biri na kwashe kofuna, kowa ya rage igiyar likkafarsa.

Sai a 2009 masana a kwalejin likitancin dabbobi ta Landan suka auna abin da ke faruwa. Sun nuna cewa a 'yan shekarun nan na wajen 1900, lokacin da ake kammala manyan tsere ya ragu da kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari, ci gaban da ba a sake samun irinsa ba. Dalilin kuwa shi ne, doki a guje ba ya tafiya sumul. Kowane taku yana tashi ya sauka, ya yi sauri ya ɗan rage. Mahayin da ya zauna daram, dole doki ya yi ta jan nauyinsa gaba da baya cikin wannan rawa. Wanda ya tsuguna kuwa, gwiwoyinsa da idon sawunsa ne ke lanƙwashewa suna miƙewa, doki na kai da kawowa a ƙarƙashinsa, shi kuma jikinsa na tafiya a miƙe, kamar tulun da gwanar ɗaukar ruwa ta ɗora a ka: ƙafa na aiki, ruwa bai san ana tafiya ba. Nauyin na nan a kan doki, amma an ɗauke masa wahalar girgiza shi.

Wahalar ba ɓacewa ta yi ba, cinyar joki, wato mahayin tsere, ta koma. Yana tsaye kan 'yan yatsun ƙafa a cikin likkafar da ba ta fi faɗin yatsu biyu ba, kan sirdin da wani lokaci bai kai kilo ɗaya ba, yana tafe da dabba mai kilo 450 zuwa 500, shi kuwa da wuya ya wuce kilo 55. Babu abin riƙewa sai linzami, linzamin ma ba a rataya a kansa, don duk wanda ya mai da shi abin dafawa ya daki bakin doki, ya karya masa taku. A nan ne jokin zamani ya haɗu da mahayin Kuru na da. Dukansu ba su da abin da ke riƙe su sai daidaiton jikinsu da sanin motsin dabbar.

Lissafin numfashi

Zama rabin aiki ne. Sauran rabin a ka yake.

Doki ta hanci kaɗai yake numfashi, kuma in yana sukuwa numfashinsa a ɗaure yake da takunsa: taku ɗaya, shaƙa ɗaya. Yakan yi taku 130 zuwa 140 a minti, kowanne mita 6 zuwa 7. Akwai ɗan lokaci a kowane taku da ƙafafunsa huɗu duk suna sama, abin da aka daɗe ana gardama a kai har sai da mai ɗaukar hoto Eadweard Muybridge ya nuna shi a Kalifoniya a 1878. Zuciyar da ke bugawa sau 30 zuwa 40 a minti yana turke, takan haura 220 a fage. Saifarsa kuma tana ajiye kusan kashi ɗaya bisa uku na jajayen ƙwayoyin jininsa, da an tashi sai ta matse ta zuba su cikin jijiya. Allah Ya gina shi don gudu, amma iyakar gudun nasa ba ya daɗewa. Ɗaya daga cikin gudu mafi sauri da aka taɓa aunawa a fage, kilomita 70 da 'yan kai a awa, wata goɗiya ce mai suna Winning Brew ta yi shi a Amurka a 2008, kuma a nisan mita 400 kacal.

Ke nan kowane doki yana da 'yar ajiyar ƙarfi guda ɗaya, kuma joki ne ma'ajinta. In ya kashe ta tun farko, za a ga doki ya ba da rata mai burge 'yan kallo, sai an zo mita 200 na ƙarshe wuyansa ya miƙe, takunsa ya gajarta, na baya su wuce shi ɗaya bayan ɗaya. In ya yi rowa da ita kuma, a gama tsere doki bai ko jiƙe ba. Shi ya sa za ka ji maigidan barga na ja wa yaronsa kunne kafin a fita: kada ka sake shi sai an sha kwanar ƙarshe. Gwani yana da agogo a jikinsa, ya san saurin da ake yi ba tare da an faɗa masa ba. Misalin da masana ke kafa hujja da shi shi ne na wani doki mai suna Secretariat a gasar Kentaki ta 1973. Jokinsa Ron Turcotte ya bar shi a baya da farko, sannan kowane rubu'in mil ya fi wanda ya gabace shi sauri, har ya gama kusan mita 2,000 cikin ƙasa da minti 2, lokacin da ba a karya ba har yau. Bayan mako biyar ya ci gasar Belmont da ratar tsawon doki 31.

Ban da lokaci akwai wuri. Jikin shinge na ciki shi ne gajeriyar hanya, amma a nan ake rufe mutum, gaba doki, gefe doki, ƙarfi na nan babu ƙofa. Ta waje akwai sarari, sai dai duk kwana sai ka ƙara wa dokinka mitoci. Bin bayan wani na rage dukan iska, amma ƙasa da tsakuwa na feshin fuska, kuma wani dokin ba ya jure haka. Akwai kuma sauya ƙafa. Doki a guje yana da ƙafar gaba ɗaya da ke jagora, a kwana dole ta ciki ce, da an fito miƙaƙƙiyar hanya sai gwani ya ɗan motsa nauyinsa ya taɓa linzami, doki ya koma ɗaya ƙafar da ba ta gaji ba. Daga wajen shinge ba a ganin komai, sai dai a ga kamar an ƙara wa dokin wuta. Duk wannan shawara cikin daƙiƙa ake yanke ta, tsakanin dawaki goma ko fiye, kofato na wucewa kusa da kofato.

Bulala kuwa, ɗan koyo ne ke zaton ita ce ke gudu. Dokin da ƙarfinsa ya ƙare, ko an fasa masa fata ba zai ƙara taku ba. Gwani yakan nuna ta ne a gefen ido, ya kaɗa ta daidai da taku, ya tura da hannu da ƙugu. A Ingila tun 2023 doka ta hana joki dukan doki fiye da sau 6 a tseren fili.

Abin da ake yi a barga

Tsere a barga ake cin sa, fage wurin karɓar sakamako ne. Wannan ilimi tsoho ne a Musulunci. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shirya tsere a Madina, ya ware dawakin da aka horar ya ba su nisa mai tsawo, daga Hafya zuwa Saniyyatul Wada'i, waɗanda ba a horar ba kuma ya ba su gajere, daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ. Malamai sun bayyana horon: a ciyar da doki har ya murje, sannan a rage masa abinci sannu a hankali, a lulluɓe shi ya yi gumi, kitse ya zube, tsoka ta tsaya. Raba dawaki aji-aji gwargwadon shirinsu, wanda ake yi a ko'ina yau, ga shi nan tun wancan zamani. Shari'a ta kuma halatta sanya lada a tseren doki da na raƙumi da harbi, shi ya sa a Arewa kyauta daga sarakuna da gwamnatoci da attajirai take fitowa, kuɗi ko babur ko mota, ba a jingina wasan ga caca kamar yadda ake yi a Turai ba.

Ɗan barga na gari kafin asuba ya tashi. Ya duba ko doki ya cinye abin da aka zuba masa jiya, ya dubi kashinsa, ya shafa ƙafafu huɗu daga gwiwa zuwa kofato yana neman zafi ko kumburi. Gero ko dawa da dusa da harawa da ɗan kanwa, kowanne da ma'auninsa da lokacinsa, don cikin doki ƙarami ne kuma ba ya amai, ɗan kuskure sai ciwon ciki, wanda ke kashe dawaki da yawa. Ba a ba shi hatsi ya cika ciki a fita da shi a guje. In an dawo daga kilisa sai an zaga da shi ya huce. Horon kansa hawa-hawa ne: makonni ana tafiya da sassarfa a kan rairayi don ƙashi da jijiya su yi ƙwari, sannan a shiga gajerun sukuwa, sannan a gwada shi da abokin gudu. Huhu da tsoka suna saurin shiryawa, jijiya da ƙashi kuwa suna da nawa, kuma mai gaggawa a nan yake karya doki. Da damina ga sauro da ƙananan ƙwari masu yaɗa annobar dawaki, sai an haɗa da hayaƙi da rigakafi da likita.

A wannan makaranta joki ke tashi. Yakan fara da yankan ciyawa da kwashe kashi, ya kai ga wanka da goge jiki, ya kai ga jan doki zuwa rafi, kafin ran nan maigida ya ce masa hau. Kafin ya taka fage ya riga ya san halin kowace dabba a bargar: wannan ba ya son a matse shi, wancan sai ya ga doki a gabansa yake zuciya, wannan goɗiyar kuwa in ta kwantar da kunne a yi hattara.

Jini da sikeli

A filayenmu akan raba tsere gwargwadon jinsi: na Arewa daban, na Sudan daban, ruwa-biyu daban, sannan dogayen dawakin tsere da ake shigowa da su daga ƙetare. Waɗannan na ƙarshe duk duniya asalinsu ta wajen uba yana komawa ga ingarmu uku da aka kai Ingila: Byerley Turk, da Darley Arabian da aka sayo a Halab ta Siriya a 1704, da Godolphin Arabian wanda ya bi ta Tunis da Faransa. Wasu masana na ganin na ukun dokin Magrib ne, wato dangin waɗanda suka ƙetaro Sahara suka haɗu da na Dongola suka zama dawakinmu. Tun 1791 Ingila ke rubuta asalin kowane duƙushi a littafi guda, shekara 11 bayan fara babbar gasar Epsom ta 1780. A ƙasashen arewacin duniya duk dokin tsere ranar 1 ga Janairu ake ƙara masa shekara, ko a wane wata aka haife shi, don a samu sauƙin haɗa tsara da tsara.

Awo ma da nasa ƙa'idoji. Tsayin doki da faɗin tafin hannu ake ƙirga shi, kowane tafi santimita 10 da ɗigo, daga ƙasa zuwa doron kafaɗa. Nisa a Ingila da Amurka da furlon ake faɗa, kowane ɗaya mita 201. Rata kuwa da jikin doki ake auna ta: tsawon doki, wuya, kai, hanci, in ido ya kasa sai hoto ya raba. Akwai kuma tseren daidaita nauyi, inda dokin da ya fi cin gasa ake ƙara masa dalma a cikin shimfiɗar sirdi don na baya su samu dama. Ana auna joki da sirdinsa kafin ya hau, a sake auna shi bayan ya sauka, in nauyi ya ragu fiye da ƙa'ida an soke nasarar. Saboda sikelin nan ne jokin ke kwana da yunwa yayin da dokinsa ke ƙoshi.

Kuɗin da ke cikin wasan a duniya ya kai inda ya kai. Gasar Kofin Saudiyya da aka fara a Riyad a 2020 dala miliyan 20 ake rabawa. Mu ba mu kai nan ba, amma abin da ya fi kuɗi wuyar samu muna da shi: mutanen da suka san doki tun daga kakanni, a Katsina da Sakkwato da Maraɗi da kan tudun Filato. Inda muka yi sake shi ne rubutu da kariya. Asalin yawancin dawakinmu a ka yake, in tsohon barga ya rasu ya tafi da shi. Lokutan da aka yi a gasa ba kasafai ake adana su ba, balle a gane ko jinin na gyaruwa ko yana lalacewa. Yara da yawa na hawa babu hular kwano, babu rigar kare ƙirji. Gajeren dokin Birom kuwa, wanda ya jure dutse da sanyi da ƙarancin abinci shekaru aru-aru, yana ƙarewa ba tare da an ƙirga nawa suka saura ba. Likitocin da za su iya wannan aiki suna Vom, masu dawakin suna ƙauyukan da ke kewaye da su, tsakaninsu tafiyar 'yan mintoci ce a mota. Littafin asali, da agogo, da sikeli, da hula: kuɗinsu duka bai kai na ingarma ɗaya daga Sudan ba, kuma ƙungiyoyin sukuwa da masarautu za su iya fara su tun daga gasa mai zuwa.